Kowane Ɗalibi da Matakinsa: Amsoshin Tambayoyinku kan Na'urorin Koyarwa a Aji

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ga batu ɗaya, wato koyarwar da ke bin ƙarfin kowane ɗalibi, da manhajojin kwamfuta da ake cewa suna taimaka wa malami a kan haka. Mun zaɓi shida daga ciki, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Ni malamar aji biyar ce a makarantar firamare ta gwamnati. An kai mu taron bita inda aka yi ta nanata cewa yanzu ɗalibi ne ginshiƙin darasi, kuma akwai manhajar da ke gane ƙarfin kowane yaro ta ba shi aikin da ya dace da shi. Har aka tashi ban fahimci yadda na'ura za ta san abin da yaro ya sani ba. Daga wata malama a Zariya.

AMSA: Malama, kafin mu kai ga na'ura, mu fara da ajin da kike shiga kowace safiya. A rajista dukansu 'yan aji biyar ne, amma idan kika miƙa wa kowannensu littafin aji biyu, za ki tarar wani ya karanta shi tsaf, wani yana haɗa baƙi da ƙyar, wani kuwa bai gama rarrabe haruffa ba. Jadawalin karatu bai san da wannan bambanci ba. Ya ce a koyar da kaza a mako na shida, kuma jami'in duba makarantu idan ya zo, abin da zai tambaya shi ne ko an kai inda jadawali ya ce, saboda haka malami yakan tafi da 'yan kaɗan da ke gaba, sauran su yi ta kwafar abin da ke kan allo ba tare da sun fahimta ba, ƙarshen shekara kuma a ɗaga su baki ɗaya zuwa aji na gaba. Wannan ita ce matsalar da ake son magancewa.

A 1984 wani masanin ilimi na Jami'ar Shikago, Benjamin Bloom, ya ba da rahoton cewa ɗaliban da aka koya wa karatu ɗaya bayan ɗaya, ba a wuce darasi sai sun ƙware a kansa, matsakaicinsu ya zarce kashi 98 cikin ɗari na waɗanda aka koyar a aji na yau da kullum. Binciken da aka yi daga baya ya nuna tasirin bai kai haka girma ba, amma yana nan, kuma babba ne. Sai dai babu ƙasar da za ta iya ɗaukar malami ɗaya ga kowane yaro, kuma a nan ne masu ƙera manhaja suka ga wurin shiga.

Ga yadda mai kyau daga cikinsu take aiki. Ranar farko tana yi wa yaro gwaji: idan ya amsa daidai sai ta kawo tambayar da ta fi wuya, idan ya kuskure sai ta sauko, har ta gano iyakar abin da ya iya. An riga an rarraba mata darasi zuwa ƙananan matakai masu hawa kan juna, ta yadda ba za ta kai yaro ga rabawa ba alhali ɗebewa ba ta zauna masa ba. Kowace amsa da ya bayar tana ƙara ko rage ƙiyasin da manhajar ke yi na ƙwarewarsa a wannan mataki, kuma tana yin rangwame saboda yaro kan dace da amsa ta hanyar cinke, kan kuma yi tuntuɓe a abin da ya sani. A manhajojin lissafi da suka samo asali daga Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, sai ƙiyasin ya kai kashi 95 cikin ɗari ake ɗauka yaro ya ƙware. Abin da ya fi burge ni shi ne karanta kuskure. A ce an tambayi yaro 52 a ɗebe 27, ya rubuta 35. Malamin da ke maki littafi tamanin zai ja masa jan biro ya wuce, amma amsar tana da ma'ana: yaron ya ɗebe 2 daga 7, ya ɗebe 2 daga 5, wato kullum ƙaramar lamba yake cirewa daga babba domin bai fahimci aro ba. Manhajar da aka ɗora wa irin waɗannan kurakurai za ta gane cutar, ta mayar da shi darasin aro, yayin da maƙwabcinsa a benci ya riga ya wuce gaba.

Ko tana amfani? Hujja mafi ƙarfi da aka samu daga ƙasa mai kama da tamu ta fito ne daga birnin Delhi na Indiya, inda tsakanin 2015 da 2016 Karthik Muralidharan da Abhijeet Singh da Alejandro Ganimian suka gwada wata manhaja mai suna Mindspark a kan ɗalibai 619, akasarinsu 'yan ƙaramar sakandare daga gidajen talakawa. An yi ƙuri'a, rabi suka sami gurbi a cibiyoyin karatun yamma, inda suke yin minti 45 a kan kwamfuta da minti 45 tare da mai koyarwa. Gwajin farko ya nuna ɗan aji shida yana baya da kimanin aji biyu da rabi a lissafi, ɗan aji tara kuma da aji huɗu da rabi, sannan a aji guda ana samun tazarar aji biyar zuwa shida tsakanin na gaba da na baya. Bayan wata huɗu da rabi, cigaban waɗanda suka sami gurbi ya ninka na sauran fiye da sau biyu a lissafi da harshen Hindi. Amma ki lura da wannan: a jarrabawar lissafi ta makarantunsu ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba, domin manhajar tana cike musu giɓin azuzuwan baya ne, jarrabawar kuwa kan aikin ajinsu take. Duk makarantar da ta ɗauki wannan hanya ta shirya wa haƙuri, ta kuma shirya yi wa iyaye bayani.

TAMBAYA: Ina da makaranta mai zaman kanta, kuma ina shirin saya wa kowane ɗalibi kwamfutar hannu a sabon zango, iyaye su biya a hankali. Makarantun da ke kusa da mu sun fara, ina tsoron a bar mu a baya. Mece ce shawararku? Daga wani mai makaranta a Kano.

AMSA: Alhaji, shawarata ita ce ka jinkirta sayen har ka amsa wa kanka tambaya ɗaya: me yaro zai yi da na'urar daga ƙarfe tara zuwa tara da rabi na ranar Talata? Idan amsar ita ce zai karanta littafin da aka zuba a ciki, to littafin takarda ya fi araha, ba ya buƙatar caji, kuma idan ya faɗi ba ya fashewa.

An taɓa gwada raba na'ura tsagwaronta. Shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta, wanda Nicholas Negroponte ya kafa a 2005, har makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja ya gwada a 2007, amma Peru ce ta rungume shi hannu bibbiyu, ta sayi dubban ɗaruruwan kwamfutoci. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bincika makarantun karkara 319 bayan wata 15, sai ya tarar yaran sun iya sarrafa kwamfuta, an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da harshe babu abin da ya ƙaru. Na'urorin ba su zo da manhajar da ke bin matakin yaro ba, malamai kuma ba su san inda za su saka su a darasi ba.

Kwatanta wannan da gasar da aka kammala a 2019, wadda Elon Musk ya ɗauki nauyinta da dala miliyan 15, inda aka raba wa yara kimanin 2,700 kwamfutocin hannu a ƙauyuka 170 na yankin Tanga a Tanzaniya, ɗauke da manhajojin koyon karatu da lissafi cikin harshen Suwahili. Manhajoji biyu, Kitkit School da onebillion, suka raba kyautar, kuma tun 2023 gwamnatin Malawi take yaɗa ta onebillion a makarantun firamarenta, cikin harshen Chichewa, ana caji da hasken rana. Darussa biyu ke nan gare ka. Na farko, a Malawi yara karɓa-karɓa suke yi da na'urorin na ɗan lokaci a yini, don haka guda talatin ko arba'in na iya wadatar da azuzuwa da dama, ba sai ka ɗora wa kowane uba kuɗin guda ba. Na biyu, harshe. Manhajar da ke yi wa ɗan aji ɗaya bayani da Turancin Amurka ba za ta iya tantance ko lissafin ne bai iya ba ko tambayar ce bai ji ba, kuma ƙiyasinta duk zai karkace.

Idan dillali ya zo, ka sa ya zaunar da yara biyu, mai ƙoƙari da mai rauni, ka tsaya a bayansu minti ashirin. Idan tambayoyi iri ɗaya suke gani a jere ɗaya, to littafi ne aka sa wa gilashi. Ka tambaye shi ko tana aiki babu intanet, nawa ne kuɗin sabunta rajista kowace shekara, wa zai gyara idan ta lalace, kuma wane rahoto malami zai gani a ƙarshen mako.

TAMBAYA: An ce kowane yaro da hanyar da yake koyo, wani da gani, wani da ji, wani da taɓawa, kuma manhaja tana gano wannan. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibin kwalejin ilimi a Gumel.

AMSA: Ɗana, maganar ta yaɗu a littattafan horar da malamai, amma ba ta da madogara. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa suka bi diddigin binciken da aka yi a kanta, ba su sami gamsasshiyar hujja cewa koyar da yaro ta hanyar da ya ce ya fi so tana ƙara masa fahimta ba. Darasi ne ke zaɓar hanyarsa: taswira sai an gani, tajwidi sai an ji. Bambancin da ya cancanci kulawarka shi ne na abin da yaro ya riga ya sani da saurin da yake tafiya.

TAMBAYA: Jikana ya karanta mini bayanin wannan sabon tsari, sai na ce ai abin da muke yi a makarantar allo ke nan tun kaka da kakanni. Ko na yi kuskure? Daga wani malamin tsangaya a Damagaram.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, ba ka yi kuskure ba, kuma ya kamata malaman boko su zo su ga yadda abin yake. A tsangaya babu aji ɗaya ko aji biyu da shekara ke ɗaga yaro zuwa gare shi. Kowane almajiri da allonsa, wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa a izu na goma, kuma ba ya wanke allo a yi masa ƙari sai ya biya wa malam ya gamsu. Wannan shi ne sharaɗin da Bloom ya gina bincikensa a kai, cewa ba a wuce darasi sai an ƙware. Haka nan yadda gardi ke biya wa kolo, malaman zamani suna ƙarfafa irinsa, wato ɗalibi ya koyar da ɗan'uwansa. A makarantar zaure ma kowa da littafinsa yake zuwa, malam ya ɗora masa daga inda ya tsaya jiya.

Bambancin yana wurare biyu. Karatun Alƙur'ani hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, kowa ita zai bi, sauri ne kawai ya bambanta, kuma kunnen malam ya isa ya kama kuskure nan take. Lissafi da kimiyya kuwa suna da rassa, yaro na iya ba da amsa daidai bisa fahimta karkatacciya, sai an bi sawun kurakuransa kafin a gano. Na biyu, idan almajirai suka yi yawa, rabon kowannensu daga lokacin malam kan ragu, mai rauni ya daɗe a kan allo ɗaya ba a lura ba. Ajiye lissafin inda kowa ya tsaya da abin da ke ba shi wahala, nan ne na'ura ta fi ɗan Adam juriya. Tarbiyya da albarkar zama gaban malami kuwa ba su cikin abin da take iyawa.

TAMBAYA: Makarantar 'yata ta koma koyarwa da kwamfuta, kuma yarinyar tana dawowa gida ta ci gaba da tambayar manhajar ƙirƙirarriyar basira amsar aikin gida. Ina jin tsoron malamai sun sakar wa na'ura aikinsu. Daga wata uwa a Abuja.

AMSA: Hajiya, tsoronki yana da tushe, kuma ba ke kaɗai ba ce. A watan Nuwamban 2018 ɗaliban wata sakandare a birnin New York suka fice daga azuzuwa don nuna ƙin amincewa da tsarin koyarwa ta kwamfuta mai suna Summit Learning, wanda injiniyoyin Facebook suka taimaka wajen ginawa, suna kukan cewa suna shafe sa'o'i suna kallon gilashi, malami kuma ya zama ɗan kallo. A shekarar da ta biyo baya iyaye a jihar Kansas suka yi irin wannan bore. Ƙasar Suwidin, wadda ta yi nisa wajen shigar da na'urori makarantu, ta sanar a 2023 cewa za ta mayar da hankali kan littattafan takarda ga ƙananan yara. Duk inda aka fahimci bin matakin ɗalibi a matsayin barin yaro shi kaɗai da na'ura, masu himma ne kawai ke tsira, sauran su yi ta latse-latse.

Game da aikin gida, akwai gwaje-gwaje biyu da ya kamata ki sani. A wata sakandare a Turkiyya an ba ɗalibai kusan dubu damar amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta GPT-4 lokacin atisayen lissafi. Waɗanda aka sakar wa manhajar ba tare da wani shinge ba sun yi fice a atisayen, amma da aka karɓe ta aka yi jarrabawa, sakamakonsu ya gaza na waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17 cikin ɗari, domin kwafar amsa suka yi ta yi. Waɗanda aka tsara wa manhajar ta riƙa ba su haske kawai, ta hana su amsa kai tsaye, ba su yi irin wannan faɗuwa ba. Na biyu a gida Najeriya aka yi shi, a birnin Benin na jihar Edo a 2024, da tallafin Bankin Duniya: 'yan aji ɗaya na babbar sakandare sun yi mako shida suna koyon Turanci da irin wannan manhaja bayan tashi daga makaranta, su biyu-biyu, malami yana tsaye a kansu yana jagorantar tambayoyin da suke yi yana kuma nuna musu inda manhajar ta yi shaci-faɗi, kuma sun fi takwarorinsu a gwajin ƙarshe.

Saboda haka ki je makarantar ki tambayi minti nawa yara ke yi a kan na'ura a yini, da abin da malami ke yi da rahoton da take fitarwa. A gida kuma, ki sa yarinyar ta rufe wayar ta yi miki bayanin yadda aka kai ga amsar. Ki kuma tambayi inda ake ajiye bayanan 'yarki da wanda ke iya ganinsu. A Amurka wani rumbun bayanan ɗalibai mai suna inBloom, da aka kashe wa dala miliyan 100, ya rufe a 2014 saboda ƙorafin iyaye, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro bisa yarda.

TAMBAYA: Makarantarmu ba wuta, ba kwamfuta ko ɗaya, wasu azuzuwan ma a ƙasa yara ke zama. Shin wannan magana ta shafe mu? Daga wani hedimasta a karkarar Katsina.

AMSA: Ta shafe ku, Malam, kuma a ganina ku ne za ku fi kowa cin moriyarta, domin ginshiƙin abin ba ya buƙatar lantarki. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta daɗe tana aiki da wata hanya ta koyar da yaro daidai matakinsa, wadda Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer, suka gwada sau da dama suka tabbatar da amfaninta. Zambiya ta ɗauke ta tun 2016, an gwada ta a Borno, kuma a 2019 aka fara ta a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na jihar Kano ga 'yan aji huɗu zuwa shida, da karatun Hausa da lissafi.

Kayan aikinta takarda ɗaya ce. A rubuta haruffa, da kalmomi masu sauƙi, da gajeren sakin layi, da ɗan labari. Malami ya kira yara ɗaya bayan ɗaya, ya fara da sakin layin. Wanda ya karanta a kai shi ga labari, wanda ya kasa a sauko da shi kalmomi, in ya kasa a sauko haruffa. Cikin 'yan mintoci an san matsayin kowa a mataki biyar: wanda bai fara ba, mai haruffa, mai kalma, mai sakin layi, mai labari. Haka ake yi wa lissafi, daga gane lambobi zuwa ɗebewa da rabawa. Daga nan a ware awa ɗaya ko ɗaya da rabi kowace rana a rushe azuzuwa, 'yan aji huɗu da biyar da shida su haɗu bisa matakinsu, kowane malami ya ɗauki rukuni ɗaya, ana aiki da katin haruffa da tsinkaye da rubutu a ƙasa. Idan lokacin ya cika kowa ya koma ajinsa.

Za a ce maka raba yara haka zai karya wa na baya gwiwa. Binciken da aka yi a makarantun firamare 121 a yammacin Kenya ya nuna akasin haka: da aka raba 'yan aji ɗaya bisa ƙoƙarinsu, na gaba da na baya duka sun ƙaru, saboda malami ya sami damar yin magana daidai fahimtar waɗanda ke gabansa. Sharaɗin shi ne kada rukuni ya zama tambari. Kada a kira wani rukunin daƙiƙai, kada kuma a tura malamin da ya fi kowa rauni wurin masu haruffa, domin nan ne aikin ya fi wuya. Inda shirin kan mutu shi ne idan jami'an ilimi na ƙaramar hukuma ba su san da shi ba, su zo su tarar an bar jadawali, saboda haka ka fara da sanar da sakataren ilimi da kwamitin iyaye. A sake gwajin bayan kowane mako biyar ko shida, duk wanda ya haye a matsar da shi rukuni na gaba a ranar, a kuma rubuta sakamakon a littafi na musamman da za a miƙa wa malamin da zai karɓi ajin a shekara mai zuwa.